Wa Ya Ɗaure Wannan Kaya?

Ni ba mai dariya ba ne. Ba hana kaina nake yi ba, abin ne bai cika zuwa ba. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina lodi a tashar manyan motoci ta Garwa, wadda muke ce wa gar. Ka ɗora kaya, ka ja tamfol, ka ɗaure. In ya zube a hanya, sunanka za a kira.

Da gwiwoyina suka ƙi, na dawo gida na zauna. Abin da na fito da shi daga gar buhu ɗaya ne, cike da guntayen igiya, kowanne da ƙulli a jikinsa. In mota ta iso daga Kusiri ko Gaundare ko Mubi na ga ƙullin da ban sani ba, sai in jira a sauke, in roƙi guntun in jefa aljihu. Matata, Allah ya jiƙanta, takan ce mazan mutane suna tara shanu, nata yana tara abin ɗaure su. Ban taɓa gaya mata cewa ƙulli ɗaya nake nema ba. Na wani mutum ne da na zalunta, kuma ban san ko yana raye ba.

Ɗiyata tana aure a Dugoi, cikin Marwa. Sunan mahaifiyata na sa mata, don haka uwata nake ce mata. Wata sallah ta zo ta same ni a zaure na baje buhun a tabarma ina juya ƙulle-ƙullen. Ta tsaya ta dube ni. Washegari ta kawo mini waya, irin wadda ake shafawa.

"Baba, na sa ka a gurup," in ji ta. "Mutane ne na Garwa da Marwa da waɗanda suka tafi kudu. Abin dariya kawai ake turawa. Ka riƙa gani, ka huta da igiya."

"Ban iya karatu ba."

"Ba sai ka iya ba. Ka danna nan ka gani. In za ka yi magana, ka danne wannan ka faɗa, ka saki."

Gaskiya ne ban iya ba. Boko ban shiga ba, allo ma a izu biyu na tsaya. Abin da suke rubutawa rabi Faransanci ne, sauran Fulatanci da Hausa, duk ɗaya ne a idona. Amma hoto da bidiyo ina gani.

Na farko da na buɗe kyanwa ce an sa mata rigar 'yan ƙwallo, tana zaune gaban talabijin. A lokacin garin ya cika da maganar ƙwallo, ko'ina ka bi tuta. Na kalli kyanwar sau bakwai. Na ɗauki wayar na tsallaka wurin maƙwabcina tela, wanda shagonsa ke kallon ƙofata.

"Maƙwabci, mene ne abin dariya a nan?"

"Kyanwa ce da riga."

"Na gani. Ta yarda ne, ko dole aka yi mata?"

Ya ajiye almakashi ya yi ta dariya har ya riƙe ciki. Sai na ga abin ya ƙaru. Da kyanwa kaɗai ake wa dariya, yanzu har da ni.

Daga nan na shiga bincike, yadda nake binciken ƙulli. Kullum bayan la'asar sai in zauna in buɗe abin da aka turo. Akwai wani mutumin Gidar da ya lulluɓe bangon ɗakinsa da marafen kwalba, ya jera su launi launi, yana zagayawa da baƙi yana gaya musu inda ya tsinci kowanne. Wannan ban ga laifinsa ba. Akwai wata mata da ke rawar fim ɗin Indiya da taɓarya, taɓaryar ce saurayin. Akwai wani malamin allo a Marwa, mutum mai furfura, da ke ɗaukar hoton gajimare yana tambaya wa ya ga raƙumi. In aka ce ba a gani ba sai ya ji haushi. Akwai zakaran da ba ya cara sai waya ta yi ƙara. Na tambayi tela ko zakaran ya san asuba. Ya ce in bar shi ya yi ɗinki.

A hankali na gane kan abin. In abu ya bar mazauninsa ya koma inda bai kamata ba, mutane sai su yi dariya. Mu kuwa a lodi, abu ya bar mazauninsa shi ke kashe mutum. Shi ya sa nake baya a wannan fanni.

To akwai wata al'ada a gar. In ka ga ɗauri mara kyau a motar wani, dole ka faɗa kafin ta tashi, ko da kai da mai ɗaurin ba kwa ga maciji. In ka yi shiru kaya ya zube, da kai a ciki. Su kuma 'yan gurup ba abin da suke so kamar bidiyon lodi: moto, wato babur, ɗauke da katifu goma, keke da akuya a goye, ƙaramar mota da aka yi wa tsiri har ta fi gida tsawo. Suna dariya, ni ina ganin igiya. Rannan na kasa haƙuri na danne wurin magana.

"Salamu alaikum. Mai katifun nan a gaya masa ya tsaya. Igiyarsa ta gaba ba ta da abokiya. In ya taka birki, katifa za ta riga shi isa."

Tela ya ce mini mutum arba'in sun amsa. Wani ya ce bidiyon ya shekara biyar, kuma ba ma ƙasarmu ba ce. Na ce ko ina ne a gaya masa. Tun daga ranar suka sa mini Baba mai igiya. Kowa ya tsinci lodin banza sai ya turo ya ce, Baba, a duba mana. Ina dubawa. Na san wasa suke yi, amma ɗaurin ba daidai ba ne, kuma an tambaye ni.

Wata Laraba aka turo wani. Moto ne a kan hanyar ƙasa, an gicciya masa kwalekwale a baya. Cikin kwalekwalen rago ne a tsaye kamar mai jiran a kira shi liman. A bayan ragon an kifa faifan talabijin, irin wanda ake kafawa a kan rufi. Mai moton ya sa baƙin tabarau. Wani ya ɗora muryar mai sharhin ƙwallo a kai, duk ramin da moton ya faɗa sai a yi ihu kamar an ci.

Na kalla sau ɗaya. A na biyu moton ya juya baya, na ga inda aka kama kwalekwalen da ƙarfen kujera. Na tashi ba takalmi na tsallaka titi.

"Maƙwabci, tsayar mini da shi a nan. Ƙara masa girma."

Ya sa yatsu biyu ya buɗe hoton. Zagaye uku ne, duk sun nufi hagu. An naɗe jelar an cusa ta ƙarƙashi, an bar ɗan kunne a waje. Wanda bai sani ba zai ce mataccen ƙulli ne, sai da wuƙa. Sau ɗaya aka taɓa yi mini shi, a wuyan hannuna.

A shekarun da aka karya darajar kuɗinmu sefa, hanya ta lalace da masu tare motoci. Mu uku muka tashi da lodin atamfa da sukari za mu Marwa: direba, da ni, da abokin aikina, wani bahago marar yawan magana da muka yi shekara tara muna jan tamfol ɗaya. Da hantsi ne, mun wuce Gidar, inda hanya ke lanƙwasa tsakanin duwatsu. Muka tarar da gungume a gicciye. Suka fito da fuska a naɗe. Suka sa direba ya kauce da motar cikin daji, nesa da kwalta, suka farfasa masa baki da gindin bindiga. Suka zaɓi abin da za su iya ɗauka. Sannan suka jefa wa bahago igiyarmu suka ce ya ɗaure mu biyun a jikin wata aduwa, shi kuma ya bi su da kaya a ka.

Bazara ce. Wanda aka bari a ɗaure a wurin nan, ƙishi zai gama da shi kafin wani ya bi ta kansa. Bahago ya ɗaure mu yana ja da ƙarfi, har ɗayansu ya duba ya gyaɗa kai. Amma da ya zo ƙarshe sai ya sa ɗan kunnen igiyar a tafina, ya matse yatsana a kai. Bai dube ni ba.

Da suka ɓace na ja. Igiyar ta zube gaba ɗaya. Na kwance direba, wanda a lokacin bai san inda yake ba, na ja shi har bakin kwalta.

A gar direba ya ba da labari yadda ya ga dama. Ya ce ni na tsinka igiyar da ƙarfin damtse. Ya ce bahago ya ɗaure mu kamar mai jin daɗi, ai da ma shirunsa ya yi yawa, mutumin masu tare hanyar ne. Jandarmomi suka zo suna tambayar inda yake kwana. Ni kuma aka zaunar da ni, aka ba ni shayi, alhajin da ke da motar ya ɗora ni kan masu lodinsa. Na ce gobe zan faɗa. Gobe ta yi na ce in bahago ya dawo. Bai dawo ba. Shirun ya yi kauri har na kasa huda shi. Na yi ta gwada ƙullin nan a gida, hannuna bai taɓa samunsa ba, kuma ban sake ganinsa a motar kowa ba.

Sai ga shi a ƙarƙashin rago.

Na karɓi wayar daga hannun tela na danne. Ban yi sallama ba ma. Na ce, "Wa ya ɗaure wannan kaya?"

Muryata ba ta da daɗi. Ƙurar auduga ta cinye ta tun tuni. Ranar kuma ta fito da tsawa, kamar ta alkali. Kafin magariba wani ya yanke ta ya ɗora a kan hoton wata amarya da ɗaurin ɗankwalinta ya kai rumbu. Washegari aka ɗora ta kan mai tsaron gida da ya sarƙe cikin raga. Sai jariri a naɗe cikin zani. Sai wani ƙaton mutum da bel ɗinsa ke neman agaji. Wani ya sa mata kiɗa, aka maimaita ta sau huɗu, wa ya ɗaure, wa ya ɗaure. Ta fita daga gurup ɗinmu ta shiga wasu.

Na je babbar kasuwa sayen goro, na ji kaina ina fitowa daga aljihun wani mai moto. Na tsaya ina sauraro. Abin mamaki ne mutum ya ji muryarsa ta wuce shi a guje. Mai nama ya naɗe wa wata mata tsire a takarda, ta ɗaga ta duba ta ce masa, wa ya ɗaure wannan kaya, duk rumfar ta fashe. Ba wanda ya san ni ne tsohon da ke tsaye a gefe.

Ɗiyata ta kira.

"Baba, ka san a biki aka sa ka jiya? Surukata ce ta ce, wannan ba muryar babanki ba ce?"

"Me kika ce?"

"Na ce ta yi kama."

"An samu mai ɗaurin?"

"Baba, wasa suke yi da kai. Bari in cire ka kawai."

"Uwata, kar ki taɓa. Ƙafata ba ta kai ko Gidar yanzu. In wasansu zai kai inda ban kai ba, su yi ta yi."

"Ka san mutumin ne?"

"Akwai maganar da ya kamata in faɗa a kansa, ban faɗa ba."

Ba ta ƙara tambaya ba. Da yamma tela ya karanta mini abin da ta rubuta a gurup. Ta ce babanta ba wasa yake yi ba, duk wanda ya san inda aka ɗauki bidiyon ya taimaka.

Sai abin ya zame musu sabon wasa, kuma sun fi jandarmomi himma. Wani ya rantse Mali ce. Wani ya ce ya ga bidiyon tun kafin ya yi aure. Wata mata ta ce ragon mai baƙin kai ne, irin na wajen Cadi. Daga nan aka bar hanya aka yi kwana biyu ana gardamar ko ragon yana jin daɗin tafiyar. Aka rabu gida biyu. Mai marafen kwalba ya ce dabbar da ke jin tsoro ba ta tuƙa, wannan kuwa yana tuƙa. Aka ce in raba gardama. Na ce rago ba fannina ba ne.

Malamin gajimare ne ya dawo da su. Shi ya saba kallon abin da ke bayan hoto. Ya ce a bar rago a dubi gefen dama: tudu ne dogo wanda aka gina da hannu, ƙarƙashinsa kore shar a miƙe, ba gero ba ne, ba dawa ba. Wani da ke aiki a kudu ya ce ai wannan madatsar Maga ce, gonakin shinkafa ne, can aka haife shi. Ya tura wa danginsa, da kiɗan da komai.

Bayan kwana uku saƙon murya ya shigo wayata daga lambar da ban sani ba. Mace ce, Hausarta tana jan Fulatanci.

"Jam na, Baaba mai igiya. Ni mai bandar kifi ce a Maga. Mai moton ƙanen mijina ne, yanzu ba ya iya shiga kasuwa don tsiya. Ragon an yanka shi tun layyar bara. Kwalekwalen yana ruwa. Mai ɗaurin wani tsoho ne a bakin tafki, shi ke ɗaure mana kwanduna. Ba ya son surutu."

Na danne na ce, "Sannu da ƙoƙari, 'yata. Da wane hannu yake jan igiya?"

Ta ce ba ta taɓa lura ba, sai ta duba. Kwana ɗaya na yi ban buɗe kyanwa ko zakara ba. Washegari da hantsi ta turo.

"Hagu ne, Baaba. Na kunna masa muryarka. Ya saurara sau biyu. Ya ce har yanzu kamar ana jan ganga a kan kwalta. Bai ƙara komai ba."

Na shiga motar Marwa ranar Asabar. Da muka wuce Gidar na leƙa ina neman duwatsun. Suna nan. An kafa dogon ƙarfen waya a kansu, mata suna sayar da gyaɗa a inda gungumen ya kwanta. Na kwana a Dugoi. Surukina ya ce zai kai ni da motarsa. Na ce a'a, wannan tafiyar ba ta rakiya ba ce.

Maga warin banda ne ke tarbar mutum tun kafin ya sauka. Mai bandar ta same ni a tasha, gajeriya mai faɗi, hannunta duk toka. Ta kai ni bakin tafki ta nuna mini wata rumfar zana, ta koma wurin wutarta.

Bahago ne. Ya rame. Haƙoran gaba sun tafi. Yana durƙushe yana ɗora kwandunan kifi a bayan wani moto. Na tsaya a kansa na yi sallama. Ya amsa bai ɗago ba.

"Kai ne mai hayaniya a waya?"

"Ni ne."

"Riƙe nan."

Ya miƙo mini bakin igiya. Na riƙe. Muka ɗaure kwanduna shida, shi yana zagayawa ni ina ja, kamar jiya muka rabu. Sai da moton ya tashi ya dube ni sama da ƙasa.

"Ka tsufa."

"Kai ma ba a goye kake ba."

Muka zauna a kan wani kifaffen kwalekwale. Na tambaye shi yadda aka yi. Ya ce kwana uku ya yi yana ɗaukar musu kaya, suka sake shi a wani daji ba takalmi. Ya fito wani ƙauye, ya samu wani direba da ya sani, direban ya ce masa kar ya kuskura ya koma Garwa, ana nemansa. Sai ya yi arewa. Ya yi kamun kifi, ya yi aikin shinkafa, ya yi aure, yana da jikoki. Duk wannan a numfashi biyar ya faɗe shi.

Na ce, "An ce ni na tsinka igiyar. Ban ce ba, amma ban musa ba. An ce kai nasu ne. Ina zaune a wurin ina shan shayi."

Ya juyo. "Igiyar rama mai tufka uku? Kai?"

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Na jira ya gama.

"Ka yafe mini."

Ya goge ido da bayan hannu. "Ni a nan ba wanda ya ɓata ni. Tambayi kowa. A gar aka ɓata ni. Can za ka kai wannan maganar."

"Direbanmu ya rasu."

"Gar ɗin ma ta rasu?"

Na ce a'a.

Sai ya ce in nuna masa abin da ake ta yi wa dariya, don shi murya kaɗai aka kunna masa. Na buɗe. Ya kawo fuskarsa dab da gilashin. Ya kalli ragon, ya kalli mai tabarau, ya ji ihun ƙwallon, fuskarsa ba ta motsa ba.

"Faifan nan ba ni na ɗora ba," in ji shi. "A hanya suka ƙara. Dubi yadda yake rawa. Ka gaya musu."

Na gaya wa 'yan gurup a take. Suka ce sai sun ga fuskarsa. Ya ce fuska a'a, hannu dai in suna so. Mai bandar ta zo ta riƙe wayar, ya yi ƙullin a hankali a jikin sandar rumfa, ya ja kunnen, ya zube. Ya sake. Na karɓa na gwada sau huɗu, duk huɗun suka cije. Ya karɓe igiyarsa ya ce in bar ta kafin in ji mata ciwo.

Da na dawo Garwa, ranar Juma'a bayan an sauko na tafi gar. Masu lodin yanzu ba su san igiya ba, bel ne mai ƙarfe suke ja yana ƙara. Ɗayansu ya gane ni ya ɗaga murya, wa ya ɗaure wannan kaya, sauran suka amsa. Na wuce su zuwa gindin darbejiyar da tsofaffi ke zama. Cikin waɗanda suka san zancen uku suka rage: mai shayi, da wani tsohon makanike, da mai gadin ƙofa da ido ɗaya ya mutu.

Ban zauna ba. Na ce ina da magana a kan bahago. Na faɗe ta daga gungume har shayi. Ban yi tsawo ba.

Mai shayi ya ci gaba da fifita wuta. "Mun sani," in ji shi.

"Kun san me?"

"Da aka jawo motar, igiyar tana baya. Ni na naɗe ta. Ko zare ɗaya bai tsinke ba. Na nuna wa wannan." Ya nuna makanike da haɓa. Makanike ya dubi ƙasa.

"Me ya sa ba ku faɗa ba?"

"Kai da aka kwance ba ka faɗa ba, sai mu?"

Mai gadi ya ce shi jandarmomi yake tsoro a lokacin, har yanzu ma. Na fito da waya na danne na miƙa wa mai shayi bakin. Na ce ya maimaita abin da ya ce game da igiyar, ya faɗi ko shi wane ne. Ya maimaita. Makanike ma ya faɗi nasa, ya ƙara da gaisuwa. Mai gadi ya tambaya ko maganar za ta je wurin hukuma. Na ce wurin mai bandar kifi za ta je. Sai ya yi.

Amsa ta zo bayan kwana biyu. Mai bandar ta ce bahago ya saurara, ya ce ya ji. Ya ce yanzu aiki ya yi yawa.

Bayan an gama girbin shinkafa ya zo. Bai sanar ba. Tela ne ya leƙo ya ce wani tsoho yana tambayar gidan mai igiya. Muka ci abinci, ya ce mu je gar. Akwai 'yar ƙofa ta baya da ta fi kusa da unguwarmu, na nufi can. Ya ce a'a. Muka zagaya duk tsawon katangar, gwiwoyina suna kuka, muka shiga ta babbar ƙofa inda motoci ke shiga. Mai gadi ya miƙe tsaye. Bahago ya ba shi hannu, ya wuce gindin darbejiya, ya zauna a tsakiyar benci, ya ce wa mai shayi kar ya cika sukari.